Zare mai kala-kala ya haɗiye min kitson safa: in warware ko in ci gaba?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya muke fama da sanyi? Don Allah masu hannu a saƙar tsinke ku zo ku cece ni. Matar yayana ce ta dawo daga Turai ta kawo min tsarabar zaren safa dunƙule biyu, kowanne giram 100. A jikin takardar an rubuta ulu kashi 75, nailan kashi 25, tsawo mita 400 da 'yan kai. Kala huɗu ne a jiki: shuɗi, ruwan goro, kore da ɗan fari, kuma ko mafi tsayin cikinsu bai kai kamu ɗaya ba sai ya shiga wata kalar. A dunƙule kam ba a magana, har maƙwabciyata ta roƙi in sayar mata na ƙi.

Na ce bari in yi wa maigida safa, kun dai san Jos a watan Janairu, balle fitar asuba. Na ɗora ido 64, wato madaukan zaren da ake jerawa a tsinke, a tsinke mai milimita 2.5, na yi bakin safa, na shiga saƙar kitso, irin mai murɗewar nan da ake yi a gaban rigar sanyi. Yau kwana tara. Na kusa dunduniya amma kitson ba ya ganuwa sai an shafa da hannu. Ga shuɗin ya taru a gefe guda kamar an zubar da bula, ruwan goron ya koma ɗaya gefen. Jiya maigidan ya ɗaga ya duba ya ce, "Wannan taswirar wace ƙasa ce?" In warware ne? In na warware kuma wace saƙa zan yi?

Amaryar Bana:
Taswira! Anti ki yafe ni, na yi dariya har na ƙware.

Hajiya Mai Ulu:
Wa alaikis salam 'yata. Warware, kada ciwon kwana tara ya sa ki ƙara wasu taran a banza. Taura biyu ba ta taunuwa. Shi kitso da inuwa yake fitowa, haske ya sauka a kan tudun, kwarin ya yi duhu, shi ne ido yake ganin murɗin. To zarenki da kansa yana sauya haske da duhu duk bayan 'yan idanu, ina inuwar za ta zauna? Kitso da saƙa mai huji-huji irin ta leshi, zare mai kala ɗaya suke so, mai haske ma, ruwan madara ko ruwan toka. Ko baƙi zalla ba ya nuna kitso sosai, balle wannan.

Zare mai surutu, saƙa mai shiru ake ba shi. Ki yi saƙar gaba zalla, ko uku gaba ɗaya baya don ta kama ƙafa. Shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Hajiya. Amma ai ko na yi ta zalla tabon shuɗin nan yana nan, ko? Shi ya fi damuna fiye da kitson.

Anti Malama:
Tabon lissafi ne, ba laifin hannunki ba ne. Kafin ki warware komai ɗauko tef ɗin tela ki auna abu biyu. Na farko, ja zare daga dunƙulen ki auna daga inda shuɗi ya fara zuwa inda shuɗi ya sake farawa. Na biyu, ki ɗaura ɗan zare a matsayin alama, ki warware zagaye ɗaya cak na safar, ki auna zaren da ya ci. Ki dawo mana da lambobin biyu.

Maman 'Yan Biyu:
Na auna Anti. Daga shuɗi zuwa shuɗi santimita 80. Zagaye ɗaya kuma ya ci wajen 78.

Anti Malama:
To ga ɓarawon nan. Tunda zagayenki da zagayen kalar kusan tsawonsu ɗaya, duk sanda kika dawo wuri ɗaya a jikin safar, kala ɗaya ce take dawowa hannunki. Shuɗi ya hau kan shuɗi, ruwan goro ya hau kan ruwan goro, suna gusawa da ido ɗaya ko biyu kawai. Haka ake samun taswira. Haka ma zai faru da a ce zagayen kalar ninki biyu ne na zagayen safar, ko rabinsa.

Maganinsa ki raba lambobin nan biyu da juna. Kuma dama ido 64 ya yi wa ƙafar namiji kaɗan, lissafin ƙafar mace ne, ga shi kitso yana tsuke saƙa. Ina shakkar ma ta wuce masa dunduniya. Auna kewayen ƙafarsa ta wajen tudun 'yan yatsu, ki rage kashi ɗaya cikin goma don safar ta kama, sannan ki lissafa da yawan idon da hannunki yake bayarwa a santimita 10. Yawanci a wannan zaren ido 30 zuwa 32 ne. Ina jin za ki faɗa a 68 ko 72. A 72 zagaye ɗaya zai ci wajen santimita 88, kin ga kalar za ta riƙa gusawa ido shida ko bakwai kowane zagaye, tabon ya koma siririn ratsi mai kewaya ƙafa.

Autar Mama:
Ni fa da girmamawa ban yarda da Hajiya ba a kan saƙar zalla. Mama, zare mai tsada ya taso tun daga Turai sannan a yi masa saƙar da ake koya wa 'yan firamare? Akwai saƙar tsallake, kuma don irin wannan zaren aka yi ta. Ki saƙa uku, na huɗun ki zame shi zuwa ɗaya tsinken ba tare da kin saƙa ba, zaren yana baya. Zagaye na gaba ki saƙa duka. Idon da kika tsallake zai yi tsawo ya jawo kalar zagayen ƙasa zuwa sama, sai ya yanka tabon gida-gida. In kuma kika bar zaren ta gaba lokacin tsallakewar, kina sauya wurin kowane zagaye, sai ta fito kamar saƙar tabarma. Na yi wa ƙanina da zare ja da baƙi da fari, kowa ya gani sai ya tambaya ko zare uku na haɗa.

Hajiya Mai Ulu:
Auta, ban ce ba ta da kyau ba. Amma ki faɗa mata sauran. Saƙar tsallake ba ta talewa kamar ta zalla, kuma wurin da ya fi faɗi a ƙafa shi ne daga dunduniya zuwa gaban idon sawu. In safa ba ta tale a nan ba, sai dai a rataye ta a bango. Na ga wadda ta yi ta gama tas, mijin ya ja ya ja har bakin ya tsinke. Garin neman gira a rasa ido. Ga zaren da yake kwance ta ciki, farcen maza kuma kin san yadda yake.

Autar Mama:
Wannan gaskiya ne Mama, ni ma sai da na ƙara ido takwas. Amma ido ɗaya kaɗai ake tsallakewa, zaren cikin bai kai ya kama farce ba. Wanda yake kama farce shi ne in ana tafiya da zare biyu ana barin dogo a baya.

Hajiya Mai Ulu:
To yanzu kika yi magana. Ki riƙa faɗa da sharaɗinta.

Mai Keken Saƙa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni dai tambaya ce. Kwana tara a rabin safa ɗaya? A gwanjo da kuɗin kati za a ba ku ƙafa uku. Ni da keke nake rigunan sanyi na 'yan makaranta da hulunan jarirai, ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce a saƙa masa safa ta babba ba.

Amaryar Bana:
Malam ai ba sayarwa za ta yi ba, maigida za a yi wa. Kai in matarka ta dafa maka tuwo sai ka ce akwai a gidan abinci?

Mai Keken Saƙa:
Na janye, Allah ya huci zuciyar amarya. Amma tunda na shigo bari in ba da nawa. Mu a keke in zare mai kala-kala ya fara yin tabo, kan zare biyu muke haɗawa, layi biyu daga wannan layi biyu daga wancan. Ita ma tana da dunƙule biyu, ko ta ja ɗaya daga ciki ɗaya daga waje na dunƙule guda, ta riƙa musanyawa kowane zagaye. Matuƙar ba a kala ɗaya suka fara ba, tabo ba zai samu wurin zama ba.

Anti Malama:
Wannan shawara ce mai kyau, kuma a saƙar zagaye ta fi sauƙi, don ba sai an yanke zare ba. Sai dai kada a murɗe zaren biyu da ƙarfi a mahaɗa, in ba haka ba wani layi mai tauri zai bi tsawon safar.

'Yar Jamus:
Sannunku da hira, sai yanzu na tashi daga aiki. Ina ganin abin da ya kamata a fara rabewa shi ne ba duk zare mai kala-kala ne iri ɗaya ba, kuma daga ganin dunƙule ba a ganewa, sai an ja mita uku ko huɗu an shimfiɗa a ƙasa.

Akwai mai gajeren kala irin na Maman 'Yan Biyu, shi ne mai rigima. Akwai mai dogon kala, wanda kala ɗaya za ta yi mita biyu, uku ko fiye kafin ta sauya. Shi wannan da kansa yake yin ratsi, zagaye huɗu ja, zagaye huɗu fari, kamar kin yi ta yanke zare kina ƙullawa alhali ba ki yi komai ba. A nan Jamus kamfanoni irin su Regia da Opal sun shahara da shi. Wani ma an buga masa 'yan ɗigo-ɗigo a tsakani ta yadda in kika yi saƙar zalla sai wani zane ya fito kamar na zare biyu. Opal har sun taɓa fitar da jerin zare da aka ɗauko kalolinsa daga zanen Hundertwasser, mai zanen nan ɗan Ostiriya. Irin wannan an lissafa shi ne a kan faɗin safa, in kika sa masa kitso ko huji kin ɓata aikin da aka riga aka yi miki. Abin da yake karɓa bayan zalla shi ne saƙar haƙorin zarto, wato a ƙara ido biyu a wuri ɗaya a rage biyu a wani wurin, sai ratsin ya lanƙwashe ya yi hawa da sauka. Amma ita ma tana rage talewa, kafin Hajiya ta kama ni.

Sai na uku, kala ɗaya ce amma wani wuri ta yi duhu wani wuri ta yi haske, kamar shuɗin da bai gama kama rini ba. Wannan kam yana ɗaukar kitso lafiya lau. Tsofaffin matan da nake zama da su ranar Laraba, akasarinsu zalla suke yi da mai ratsin nan, ido 60 ko 64, suna hira ko kallon hannunsu ba sa yi.

Ta Damagaram:
Ku kuna ta maganar ulu na tumaki. Mu nan abin da ke kasuwa ulun roba ne, mai kauri, shi ma akwai mai kala-kala. Ana iya safa da shi? Sanyin hunturu a nan ba wasa ba ne, yaran da ke tafiya makarantar allo da sassafe ƙafafunsu duk sun yi faso.

Hajiya Mai Ulu:
Ana yi 'yar uwa, shekara nawa muna yi wa jarirai da shi. Sai dai ta zaman gida ce da kwanciya. Cikin takalmi tana sa gumi, don roba ba ta shan danshi kamar ulu, kuma tana saki bayan wanki biyu-uku ta riƙa zamewa. In za ki yi, ɗauki tsinken da ya fi wanda aka saba siranta don saƙar ta yi ƙarfi, ki yi biyu gaba biyu baya tun daga baki har idon sawu. Ido 40 zuwa 44 ya ishi babba a zare mai kaurin nan. Maganar tabo kuma ɗaya ce, yadda Malama ta ce a auna haka za ki auna.

In kina shakkar abin da aka sayar miki, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje, ki riƙe da wani abu ba da yatsa ba. Ulu na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar toka mai murmushewa. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Amaryar Bana:
To me zai hana mu sayi fari mu kai marina a rina mana? Ga Ƙofar Mata nan a Kano. A ɗaɗɗaure zaren kamar yadda ake yi wa yadi, wani wuri ya kama wani wuri ya ƙi, kin ga mun samu namu mai kala-kala na gida.

Anti Malama:
In na roba ne kada ki ɓata kuɗin mota, baba ba ya kama shi. Auduga ce take shan baba sosai. Ulu na gaskiya yana kamawa, amma ruwan marina akwai toka a ciki, kuma toka mai ƙarfi tana cin ulu ta sa shi ya yi kaushi, sai an yi hattara da daɗewarsa a ciki. Abin da na gwada a gida shi ne kalar abinci, irin ta kek, da ruwan khal da ɗan zafi. Tana kama ulu da kyau, ba ta kama roba ko auduga. Kuma in ke ce mai rinin, ke za ki zaɓi tsawon kowace kala, kin huta da taswira.

Ɗalibin Tarihi:
Ku yi haƙuri da shisshigi, ni ba na saƙa, mahaifiyata nake karanta wa hirar. Safa mai kala-kala ba Turawa suka fara ta ba. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wata 'yar safar yaro mai ratsi-ratsi da aka tono a Masar, ta kai shekara 1,600 ko fiye. Da aka bincika sai aka ga da rini uku kawai na tsirrai, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, aka haɗa duk kalolinta. Ba da tsinke aka yi ta ba, da allura ɗaya ce. Abin da ya burge ni, an raba mata babban yatsa daban don a sa ta da takalmi mai igiya a tsakanin yatsu. Mafi tsufan safunan da aka yi da saƙar tsinke irin taku su ma daga Masar suke, zamanin Musulunci, wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, da auduga fari da shuɗi, wasu har da rubutun Larabci a jiki.

Maman 'Yan Biyu:
Kai, wannan raba yatsan ai shi nake nema ban sani ba! Maigidan da silifas yake zuwa masallaci, kullum sai ya cusa safar tsakanin yatsunsa ta yi wani ƙullutu. Ana iya yi a saƙar tsinke?

'Yar Jamus:
Sosai. In kin iso gindin yatsu sai ki ware kamar kashi ɗaya cikin uku na idanun wa babban yatsa, ki ƙara ido uku ko huɗu a tsakani, ki gama shi kamar yatsan safar hannu, sannan ki koma kan sauran. Ki tuna dai yanzu akwai ta dama akwai ta hagu, kada ki yi biyu iri ɗaya.

Wani abin kuma da ba a faɗa miki ba, dunduniya. In kika yi irin wadda ake saƙa leɓe a ɗebo idanu ta gefe, idanun za su ƙaru na ɗan lokaci, kin ga lissafin Anti Malama ya sauya, kuma a nan ne tabo yake dawowa, daidai saman ƙafa inda kowa ke gani. In ba kya so, ki yi dunduniyar gajerun layuka, wadda ake juyowa kafin a kai ƙarshen layi, ko ki sa zaren alama ki wuce, in kin gama safar ki dawo ki buɗe ki saƙa ta. Da zare mai kala ɗaya ma ta fi kyau, baki da dunduniya da kan yatsu duk shuɗi zalla, sai mai kala-kalan ya samu iyaka.

Hajiya Mai Ulu:
A nan kuma ni da ke mun rabu. Ƙafar namiji mai tudun sama ba abin da yake zauna mata kamar dunduniyar leɓe, ita ce mai ba da wuri. Gara tabo na santimita biyar da safar da take matse mutum. Kuma a leɓen nan ne saƙar tsallaken Auta take da amfani na gaske, tsallake ɗaya saƙa ɗaya, tana ninka kauri a inda ake fara hujewa.

Autar Mama:
Alhamdu lillahi, yau Mama ta ba ni dunduniya. Saura ƙwauri.

Amaryar Bana:
Tambaya ta ƙarshe daga ni. Ya ake yi ƙafa biyun su fito iri ɗaya? Tawa ɗaya ta fara da ja ɗaya ta fara da kore.

Anti Malama:
A mai dogon ratsi, ki lura da inda kika fara ta farko, misali daidai inda ja ya shiga, ki ja zare har ki iso irin wurin kafin ki ɗora ta biyu, kuma ki tabbata ba ki juya zaren ta baya ba. A mai gajeren kala kuwa kada ki wahalar da kanki, ko ƙarfin riƙon hannunki ya ɗan sauya zanen ya sauya. Ki dai sa dunƙulen a sikelin kicin kafin ki fara, in safa ta farko ta kusa cin giram 50 ki san inda kike.

Maman 'Yan Biyu:
'Yan uwa na dawo da rahoto. Daren ranar na warware, 'yan biyu suna taya ni naɗewa suna murna kamar ana biki. Zaren ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, na naɗe shi a bayan kujera na ɗan jiƙa na shanya a inuwa ya miƙe. Na auna ƙafar maigidan, 72 ta faɗa kamar yadda Anti Malama ta ce. Na gwada 'yan zagaye goma da saƙar Auta, goma da uku gaba ɗaya baya ta Hajiya, na kai masa ya zaɓa. Ya ce ta Autar ta fi kyau a ido, amma da ya zura hannu ya tale sai ya ce a yi masa ɗayar. Yanzu na wuce dunduniya, ta leɓe na yi, kuma tabbas shuɗin ya ɗan taru a saman ƙafa kamar yadda 'Yar Jamus ta faɗa, bai dame ni ba. Sauran duk siririn ratsi ne yana kewayawa.

Dunƙule na biyu nawa ne, kuma saƙar tsallake zan yi da shi, Hajiya ki yi haƙuri. 'Yar Jamus, in na iso wajen raba yatsan zan neme ki, don ban gane ta wane gefe ake ƙara ido huɗun nan ba.

'Yar Jamus:
Ta gefen da yake kallon sauran yatsun, a cikin lungun. Ki turo hoto in kin iso, bayan isha'i ina nan.